Ranar gwaji kyauta ko tikitin wuni? Ka karanta kafin ka biya kuɗin wata a ofishin haɗaka

Mu da ke aiki da laftof a Kano da Kaduna da Abuja, ba kujera ce ke kai mu ofisoshin haɗaka (wuraren da mutane daban-daban ke biyan kuɗi su zauna su yi aikinsu) ba, wuta ce da intanet. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tayar da janareto a gida ya koma sai mai hali, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka ce su suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, shi ya sa wuraren suka samu kasuwa, kuma kusan kowanne yanzu zai ce maka zo ka gwada wuni ɗaya kyauta.

Ni dai ranar kyautar nan ba ta cika burge ni ba. Ranar kamar ranar zuwa gaisuwar surukai ce, kowa ya yi shiri, an kunna AC tun safe, an share, mai wurin da kansa yana zagayawa yana cewa yallaɓai akwai abin da kake buƙata? Ba za ka gane komai ba. Kuma galibi ranar cika take da ɗalibai da suka zo cajin fawabank da sauke fina-finai, mutanen da ko sisi ba su da niyyar biya, su cinye intanet ɗin su tafi, don haka ko mai wurin ban ga ribar da yake ci ba in ban da hotunan da zai ɗora a Instagram.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne tikitin wuni, wanda za ka biya da kuɗinka. Ka saya kwana biyu ko uku a warwatse cikin mako, kar ka faɗa musu ranar da za ka zo. Tunda ka biya, kana da bakin magana, in intanet ya tsaya za ka iya tashi ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ka je ranar Litinin da wurin ke cika, ka zauna har bayan azahar lokacin da rana ta take, musamman a Maris da Afrilu, domin a nan ne asirin sola da inbata ke tonuwa. Ka lura da abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta: rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, na mutuwa ne sai an jira ta tashi, ko tana kan batir? Minti nawa kafin a tayar da inji? AC na ci gaba ko sai fanka? Ka buɗe fast.com, shafin auna saurin intanet, da safe ka kuma buɗewa ƙarfe uku, ka duba har da saurin tura abu, don shi ne ke riƙe kiran Zoom. Ka leƙa banɗaki da wurin alwala, ka ga ko akwai ruwa.

Kuɗin wata kai tsaye ya fi araha in ka lissafa, amma sai bayan ka gwada. Zama a gidan shan kofi ko harabar otal kuwa, wannan na mai aikin awa ɗaya ne.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai wurin da na taɓa biyan wata uku saboda ragi, ranar gwaji intanet kamar walƙiya, ashe layi na musamman suke buɗe wa baƙi, da na zama ɗan gida sai aka ba ni wani fasuwod daban wanda mutum sama da ashirin ke kai. Dizal kuma sai a ce ba a tayar da inji sai mutane sun taru. Don haka in an ce maka akwai Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, ka ce a nuna maka faifan a saman rufi, ka tambayi mutum nawa ke kansa. In an ce wuta awa 24, ka tambayi wanda ya daɗe a wurin, ba ma'aikaci ba, ka same shi a waje wajen mai shayi zai gaya maka gaskiya. Wasu kuma sai ka gama rajista za ka ji ɗakin taro kuɗinsa daban, firinta daban, loka daban. Hotunan talla ma wasu ba na wurin ba ne sam, daga intanet aka kwaso.

Kar ka tura kuɗi asusun wani mutum don ya ce shi manaja ne, ka tura na kamfani ka karɓi rasit. Kuma kar girman suna ya sa ka biya shekara gaba ɗaya, WeWork, kamfanin ofisoshin haɗaka da ta cika duniya ma, ta shigar da takardar fatara a Amurka a Nuwamban 2023. Wata ɗaya ka fara biya, a rubuta maka a takarda abin da za a mayar maka idan wuta ko intanet suka yi kwana biyu babu.