Bunaji ko Firiziyan, wace ce za ta jure bazara?

Malam, tsakanin Firiziyan, saniyar Turai mai yawan nono, da Bunaji, farar saniyar Fulani, da ka tambaya, tunda a Gusau za ka ajiye ta kuma ruwa saye kake yi, ɗauki Bunaji hankalinka kwance.

Ina da wata farar saniya Bunaji da yara suka sa wa suna Kurciya, shekararta bakwai a hannuna. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe biyu na rana za ka same ta kwance gindin darbejiya tana tuƙa, kunne kawai take kaɗawa tana korar ƙuda. In ka ɗora tafin hannu a kafaɗarta za ka ji danshi. Wannan gumin shi ne maganinta. Zafin jikin saniya yana tsayawa wajen digiri 38 da rabi, hunturu ko bazara, kuma dole ta riƙe shi a nan. Ga tumbinta kamar murhu: ciyawar da ke narkewa a ciki zafi take fitarwa, kuma gwargwadon yawan nonon saniya, gwargwadon cin ta, gwargwadon wutar da ke cikinta. Ita Bunaji Allah ya hore mata hanyoyin fitar da zafin. Kafofin guminta manya ne, gashinta gajere ne mai santsi, farinsa yana mayar da hasken rana, fatar da ke ƙarƙashi kuma baƙa ce, rana ba ta ƙona ta. Ga kuma fatar nan mai reto a ƙasan wuya, iska na samun wurin bugawa. Kurciya lita uku take ba ni bayan maraƙi ya sha, ba yawa, amma ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa sa na kwana a tsaye ba, kuma ta haifa mini biyar.

Firiziyan tana da nono, wannan ban musa ba. Amma asalinta Holan ne da arewacin Jamus, tun daga wajen digiri 25 take fara wahala. Wadda na saya lita 14 ta ba ni lokacin sanyi. Afrilu na shiga ta koma shida, baki buɗe, yawu na zuba, tana haki ta ƙi dusa. Irinta kan sha ruwa sama da lita 100 a yini in zafi ya tsananta. Sau uku ana yi mata barbara ba ta ɗauka ba, na sayar da ita da asara.

In dai nonon ne ya tsaya maka a rai, nemi ruwa-biyu, rabi Firiziyan rabi Bunaji, irin haɗin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi. Ita ma sai da rumfa mai tsayi, ba kwanon da ke daf da gadon bayanta ba.

Sannan ka yi hattara da wasu dillalai. Sukan hana tatsa tun daren jiya don hantsa ta cika ta yi tantsan-tantsan, su watsa wa saniya ruwa, su kira ka da sanyin safiya. Duk mai dabbare-dabbaren baƙi da fari kuwa sunanta “ta Turai” a bakinsu. Kada ka biya sai an tatse ta a gabanka safe da yamma. Ka koma da kanka bayan azahar ba tare da ka sanar ba, ka tsaya gefenta da agogo ka ƙirga ɗagawar haƙarƙarinta na minti ɗaya. In tana cikin inuwa amma ya wuce 60, bar musu kayansu.