Mai ɗaukar bidiyo a biki: a ɗauko shi, ko wayoyin dangi sun wadatar?

Idan aka zauna lissafin biki, bayan an ware kuɗin lefe da sadaki a ɓangaren ango, kayan ɗaki da gara a ɓangaren amarya, sannan abinci da hayar rumfa da kujeru, galibi maganar mai ɗaukar bidiyo ce ke zuwa a ƙarshe, lokacin da aljihu ya riga ya yi sanyi. A nan ne ake samun mai cewa ai kowa yana da waya a hannunsa, don haka ɗauko wani a biya shi almubazzaranci ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai bikin Bahaushe ba zama ɗaya ba ne, kuma abin da waya za ta iya a wurin kamu ko liyafar dare ba lalle ta iya shi a ƙofar masallaci ba.

Hanya mafi arha ita ce a bar wa wayoyin dangi da ƙawaye aikin. Wayoyin yanzu suna fitar da hoto mai kyau da rana, kuma a wurin liyafa, inda fitilu suke haske, ƙawayen amarya za su ɗauki shigowar ango da amarya ta kusurwa goma ba tare da an roƙe su ba. Matsalar ita ce aikin da aka bar wa kowa babu wanda ya ɗauke shi a wuyansa: wannan ya ɗauki rabin minti ya tafi gaisawa, wancan cajinsa ya ƙare, kuma abin da ya samu daga baya yakan zo ta WhatsApp a matse, ya rasa kaifinsa. Wanda ya zaɓi wannan hanya, gara ya naɗa mutum biyu tun kafin ranar, ɗaya cikin maza ɗaya cikin mata, ya kuma gaya musu su turo abin da suka ɗauka a matsayin fayil, tunda daga 2022 manhajar tana karɓar fayil har na gigabait 2 ba tare da ta rage ingancinsa ba.

Hanya ta biyu ita ce a ce wa mai hoto ya haɗa da bidiyo, a ƙara masa wani abu. Idan zai zo da yaronsa mai riƙe da kyamara ta biyu, ciniki ne mai kyau. Idan kuwa shi kaɗai ne, to a sani cewa duk lokacin da yake jera mutane don hoton rukuni, bidiyon ya tsaya.

Abin da ya sa nake ganin hanya ta uku, wato ɗauko wanda sana'arsa ke nan, ta cancanci kuɗinta, shi ne ɗaurin aure. Zama ne na ’yan mintoci: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya ɗaura, a shafa Fatiha, jama'a su miƙe. A manyan masallatan Kano ko Kaduna, bayan sallar Juma'a ko da hantsin Asabar, ana iya ɗaura aure da yawa a zama guda, kuma wanda bai san aikinsa ba sai ya farga an wuce nasu yana can baya cikin cunkoso. Sannan amarya, wadda aurenta ake ɗaurawa, tana gida, ba ta ji ba ta gani ba. Haka shi ma ango ba ya nan lokacin da iyayen amarya da kakanninta suke yi mata nasiha kafin a kai ta. Waɗannan wurare biyu murya ce jarinsu, kuma waya da ke nesa da mai magana hayaniyar taro da ƙarar janareta kawai take kwasowa. Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi wa mai bidiyo ita ce yadda yake ɗaukar sauti: yana da ƙaramin makirfo da zai ajiye kusa da liman, ko zai jona na'urarsa da lasifikar masallaci? Wanda ya amsa da cewa kyamararsa tana ɗauka da kanta, a nemi wani. Bayan shekara ashirin, muryar kaka tana sa albarka ita za a riƙa mayarwa baya ana saurare, ba kwalliyar ɗakin taro ba. Idan kuɗi ba su kai na kwana uku ko huɗu ba, ni dai zan biya na ɗaurin aure da kai amarya, in bar wa wayoyi liyafa.

Akwai kuma batun da yake hana gidaje da yawa yarda tun farko, kuma suna da hujja. Sa lalle, kamu da wunin biki zama ne na mata, inda ake ajiye mayafi a sake jiki, ga matan aure a ciki waɗanda ba su ba kowa izinin ɗaukar su ba. A manyan birane ana samun mata masu wannan sana'a, kuma ko da kuɗinsu ya ɗan ɗara, sun fi dacewa da cikin gida. Amma a tambaya har da wanda zai tace aikin, domin sau da yawa mace ce ke ɗauka, namiji ya zauna gaban kwamfuta yana yankawa da haɗawa. Haka nan masu bidiyo da dama suna yanko gutsuren biki su ɗora a Instagram ko TikTok don tallar aikinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa damar hana a yaɗa shi, sai dai abin da ya riga ya shiga intanet ba ya dawowa, don haka a rubuta a takarda tun kafin a biya kafin alƙalami cewa ba za a ɗora komai ba sai da izini.

Game da ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama da ake tallatawa a matsayin ƙari, ban ga abin da yake ƙara wa bikin da rabinsa a cikin ɗaki ake yi ba, ban da hoton rufin kwano da jerin motoci. Ga shi kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro, sannan yana leƙa tsakar gidan maƙwabta.

Wajen ciniki, kada a wadatu da gajeren bidiyon minti ɗaya da aka ɗora wa waƙa, domin wannan kowa yana iya ƙawata shi. A nemi ganin cikakken aikin biki guda daga farko zuwa ƙarshe, wanda masu shi suka yarda a nuna, musamman ɓangaren dare, a ga ko fuskoki suna fita idan wuta ta ɗauke. A tabbatar wanda aka yi magana da shi ne zai zo, domin a lokacin da bukukuwa suke yawa, kamar gab da azumi da bayan ƙaramar salla, wasu sukan karɓi aiki uku a rana guda su rarraba wa yaransu. A sa ranar kawo aiki a rubuce, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har sai ya zo hannu. Na taɓa ganin biki a danginmu da aka yi suna kafin bidiyonsa ya fito, saboda an biya duka tun ranar ɗaurin aure.

A nemi kuma ainihin abin da aka ɗauka kafin a tace, ba tatacce kaɗai ba. Yana da nauyi, domin awa ɗaya a babban ingancin hoto na 4K tana iya cin gigabait 45, alhali gigabait 15 ne Google yake bayarwa kyauta don ajiya a intanet, don haka sai a sayi na'urar ajiyar fayil tun da wuri a miƙa wa mai bidiyon. Waɗanda aka ɗauki bikinsu a kaset ko faifan CD sun san yadda ƙura da karce suke cinye su, ga na'urar kunnawa ta yi wuyar samu, shi kuwa filas ɓacewa yake yi cikin kayan ɗaki. A kwafi aikin gida biyu, ɗaya a wurin ma'aurata, ɗaya a gidan iyayen amarya.