Manhajar atisayen lissafi ta ce in ba majinyaci ƙwaya 20

Rabona da zaman aji shekara shida, kuma tun ina sakandare ni da lissafi ba ma jituwa. Da na ɗaura niyyar zana jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, wata ƙawata ta ce in sauke manhajar nan ta atisayen lissafi da ake ta yabo, na kuwa biya na wata uku a tashi ɗaya.

Makonnin farko na ji daɗinta ƙwarai. Ta mayar da ni can tushe, rabi da kwata da sulusi, yadda 3/4 ke zama 0.75 sannan ya zama kashi 75 cikin ɗari. A nan na fara gane dalilin da ya sa idan za a raba lamba da 1/2 sai a juya shi a ninka, abin da a da haddarsa kawai na yi. Ma'aunai ma sun zauna min: giram ɗaya miligiram 1000 ne, lita ɗaya mililita 1000, kilo ɗaya kusan fam 2.2, ƙaramin cokalin magani mililita 5. Har mutum biyu na jawo suka biya saboda yabona.

Sai wani dare a mako na bakwai. Tambayar ta ce likita ya rubuta wa majinyaci giram 0.25 na magani, ƙwayar da ke hannu kuma kowace ɗaya miligiram 125 ce, guda nawa za a ba shi? Na ninka 0.25 sau 1000 na samu 250, na raba da 125, biyu ke nan. Na danna 2 hankalina kwance, sai kawai allon ya yi ja. Wai amsa 20 ce. Na buɗe bayanin da suka sa a ƙasa, na ga sun mayar da giram 0.25 ya koma miligiram 2500.

Sau shida na sake yi a takarda, biyu nake samu. Amma wanda ya daɗe yana faɗuwa a lissafi ba ya saurin yarda da kansa. Na ce ai waɗanda suka tsara manhaja sun fi ni sani, wataƙila akwai wata ƙa'ida ta lissafin magani da ban kai gare ta ba. Na ɗauki jan biro na rubuta a littafina cewa daga giram zuwa miligiram ɗigo gida huɗu yake matsawa, har na ja masa layi biyu. Kwana biyu ina aiki da wannan ƙarya. Duk tambayar da na yi da ita sai ta fito ja, domin a sauran wuraren manhajar gida uku take matsarwa kamar yadda ya dace. Kaina ya ɗaure, abin da na iya ma ya fara kuɓuce min. A dare na biyu na kife wayar na yi kuka, na ce ashe wannan aiki ba nawa ba ne.

Da safe na kira yayata, wadda ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin yara. Ban ƙarasa karanta mata tambayar ba ta ce, "Biyu mana." Na ce, "Yaya, su fa cewa suka yi ashirin." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ke ƙanwata, wa kika taɓa gani an zube wa ƙwaya ashirin a tafin hannu an ce ya haɗiye lokaci guda? Kafin ki yarda da kowace amsa, ki ɗauka maganin yana hannunki, ki duba ko hankali zai ɗauka." Ta ce irin wannan kuskuren, na ɗigo ya goce gida ɗaya magani ya ninku sau goma, shi ne abin da aka fi jan kunnensu a kai. Shi ya sa ake rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kada a ga .5 a karanta 5, kuma ba a rubuta 5.0 don kada ido ya tsallake ɗigon ya ga 50. Wannan bayani na minti uku, babu shi ko'ina a manhajar da ta ce tana shirya masu jinya.

Na rubuta musu ƙorafi da hoton tambayar da lissafina. Saƙon na'ura ne ya dawo, wai sun gode za su duba. Bayan kwana goma na sake turawa, saƙon nan dai ya kuma dawowa.

Duk da haka ba zan danne mata haƙƙinta ba. Agogon da take sa wa kowane gwaji ya koya min sauri, kuma ranar jarrabawa tambayoyin kashi cikin ɗari da na sauya awon zafin jiki ba su zo min a baƙi ba. Ina ganin digiri 37 na san 98.6 ne a ɗaya ma'aunin. A wannan ɓangaren kuɗina bai tafi a banza ba, har na fara tunanin in manta da wancan dare.

Sai kuma na tuna da wata tambayarsu ta ƙarin ruwa, mai neman ɗigo nawa zai riƙa sauka a minti. Mililita 1000 cikin awa 8, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita. A ninka 1000 sau 20, a raba da minti 480, za a samu 41.67, wato ɗigo 42 a minti. Su 41 suka sa, sun yanke wutsiyar lambar kawai suka yar. Wannan karon ban yi shakkar kaina ba, amma raina ya ɓaci don na tuna mutum biyun da na jawo. Ɗaya daga cikinsu ba ta da wata yaya nas da za ta kira. Na neme ta na nuna mata tambayoyin biyu, ashe ita ma ta rubuta gida huɗu a littafinta.

Kuma wa'adina na cika suka sake cirar kuɗi daga asusuna ba tare da sun tambaye ni ba, alhali jarrabawa ta wuce. Tunda an riga an cire, jiya na shiga na nemo tambayar nan ta giram 0.25. Na danna 2, allon ya yi ja.