Yaya ga bayanin wuƙar da ka gani a status

Salam Yaya, ina fatan kana lafiya, ya iyali ya yaran. Naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai sai yau na samu zama. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah wai da gaske wuƙar nan da na ɗora kuɗinta ya haura dala 400 ko tsokana nake, sannan ka ce in duba maka guda mai kyau tunda tafiyarka kwas Jamus ta matso. Toh da gaske ne, kuma ba ita ce mafi tsada a durowata ba, wannan kam ko matata sai daga baya ta sani.

Kasan nan Amurka, musamman Texas inda nake, wuƙar aljihu kamar biro ce. Satina na farko a wajen aiki na tsaya ina kokawa da wani kwali da makullin mota, wani dattijo da muke aiki tare ya zaro wani abu daga bakin aljihunsa, ƙas, da babban yatsa kawai ya buɗe, ya tsaga tef ɗin ya mayar ya wuce ko kallona bai yi ba. Daga ranar na fara lura kusan kowa akwai ɗan ƙarfe maƙale a bakin aljihun wandonsa. Wannan maƙalar da ramin nan zagayayye da ake sa yatsa a buɗe da hannu ɗaya, kamfanin Spyderco na garin Golden a Colorado ne ya fito da su a 1981, yanzu kusan kowa ya kwaikwayi maƙalar.

Kasuwar kashi biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda inji ke yanka dubbai iri ɗaya, ka shiga shago ko intanet ka biya ka ɗauka. Akwai kuma wadda suke cewa kostom, maƙeri ɗaya ne a ɗan shagonsa, sau da yawa ma garejin gidansa, shi zai yanka ƙarfen, ya gasa shi, ya wasa, ya haɗa ƙotar, wani a shekara ba zai fitar da ɗari ba. Ni duka biyun na saya, kuma nasan wadda nake nadama.

Wadda ka gani sunanta Sebenza, ta kamfanin Chris Reeve ce a Boise, jihar Idaho. Mutumin asalinsa ɗan Afirka ta Kudu ne, ya dawo Amurka a 1989, kuma sebenza a yaren Zulu aiki take nufi. In ka ganta a hoto zaka raina ta, faranti biyu ne na titaniyom launin toka da ruwan wuƙa a tsakiya, babu ado babu komai. Sai ka riƙe. Ranar da ta iso na buɗe akwatin na tarar da ɗan kati da aka rubuta ranar da aka ƙera ta, sai ɗan makullin kwance sukurorinta da ɗan giris, wato su da kansu suke cewa kwance ta ka wanke. Na shimfiɗa tawul a tebur na kwance ta ɗai-ɗai, gabana na faɗuwa kar in kasa mayarwa, amma duka sassan basu taka kara sun karya ba, na goge na shafa giris na ɗaure, ruwan ya koma daidai tsakiya kamar ba a taɓa ba. Ka girgiza ta dama da hagu ko motsi babu. Makullinta, wato abin da ke hana ta rufuwa in an buɗe, shi ma wani ɓangare ne na jikin ƙotar da yake lanƙwasowa ya tokare gindin ruwan, in ka damƙe ta kana aiki hannunka ne yake ƙara danne shi, kuma shi Reeve ɗin ne ya fito da wannan dabarar da yanzu ta cika kasuwa.

Ta kostom ɗin kuwa labarinta daban ne. Akwai baje kolin wuƙaƙe da ake yi duk watan Yuni a Atlanta, Blade Show, wani abokin aikina ya ja ni muka je. Yaya in kaga manya da furfura sun yi layi tun sassafe kamar ana rabon wani abu zaka yi mamaki. Manyan maƙeran ba sa sayar maka kai tsaye, zai zo da wuƙaƙe kamar goma ko sha biyu, ka rubuta sunanka a takarda ka jefa, a yi ƙuri'a, wanda aka zaro sunansa shi ya samu damar biya. Ka ji fa, damar biya. Wasu ana zaro su sai su juya a wajen su sayar da riba. Ni sunana bai fito ba, amma zuciya ta riga ta ɗau zafi, sai na samu wani maƙeri da bai yi suna sosai ba na bada oda, na zaɓi ƙarfe na zaɓi katakon ƙota na bada rabin kuɗi, ya ce wata shida. Wata goma sha huɗu na yi ina jira. Da ta zo kam ba ƙarya tayi kyau, irin kyan da zaka zauna kana jujjuya ta a fitila, kuma duk duniya babu irinta sak, wannan shi ne daɗin kostom, ba zan hana shi haƙƙinsa ba.

Matsalar ita ce na kasa amfani da ita. Ranar farko na fita da ita aiki, maƙalar ta gogi ƙofar mota ta yi ɗan zane, wallahi yini na yi raina a ɓace kamar an mare ni. Aka kawo kwalaye na zaro ta na tsaya na kalli ƙusoshin da aka ɗinke kwalin da su, na mayar da ita aljihu na ari ta wani. Wuƙar da kuɗinta ya fi na hayar ɗakina na wata kenan fa. Bayan ɗan lokaci makullin ya fara maƙalewa, sai ka danna da ƙarfi kafin ta rufu, na rubuta wa mutumin ya ce in turo, na tura, shiru wata biyar, in na yi magana ya ce yana fama da odar mutane, daga baya ya ce baya jin daɗin jikinsa. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ɗaya ne, shi ne maƙerin shi ne mai amsa waya shi ne mai kai kaya gidan waya. Amma a nan na gane abin da ban lissafa ba lokacin da nake zumuɗi: in ya yi ciwo ko ya daina sana'ar ko ya rasu, sukuru ɗaya ya ɓace min babu inda zan samo irinsa.

Nan ne kamfanonin Amurka suka burge ni, ba ma wuƙar ba, abin da ke bayanta. Benchmade na Oregon City suna da tsari, ka tura musu wuƙarsu ko shekara nawa ta yi a hannunka su wasa ta su sa mai su daidaita ta kyauta, kai dai kuɗin turawa. Buck, masu 110 ɗin nan mai ƙotar katako da tagulla da ake yi tun 1964, garantinsu na har abada ne. Chris Reeve kuma kana iya biya ka tura musu tsohuwa duk ta goge su sabunta jikinta ta dawo kamar ranar da ta fito. Shekara uku na yi a Ingila kafin in tsallako nan, ban taɓa tunanin wuƙa ma ana kaita sabis kamar mota ba.

Maganar ƙarfe kar ka bari ta ruɗa ka, mutanen nan in suka fara musu a kai sai ka rantse malaman kimiyya ne. Wanda ake yayi yanzu MagnaCut ne, wani masanin ƙarfe Larrin Thomas ya haɗa shi ya fito a 2021, baya saurin tsatsa baya saurin ɓantarewa. Akwai M390 na Böhler a Ostiriya, akwai S35VN. Duk suna daɗewa basu dakushe ba, sai dai ranar da suka dakushe dutsen wasa na gama-gari zai baka wahala, sai mai garin daimon. Ni a aikina na yanka kwali da igiyar roba da tef, bambancin shi ne wannan in wasa duk sati biyu wancan duk wata, shi kenan.

Kuma kar ka raina na China. Da ina cikin masu ɗaga hanci, sai da na riƙe na garin Yangjiang, irin su Civivi da WE da Reate. Elementum ta Civivi wajen dala 50 ce kuma buɗewarta sumul, Reate kuwa wasu maƙeran Amurka masu suna su suke baiwa zanensu su ƙera musu da yawa. Abin gudu shi ne jabu, wanda aka buga wa tambarin wani. Na taɓa ganin Bugout, wata wuƙar Benchmade, a wata kasuwar intanet da rabin kuɗinta na ce na yi tsintuwa, ta iso, sati ɗaya sukurun maƙalar ya lalace, ta gaske giram 52 ce kacal kamar babu komai a aljihu, wannan kuwa har a hannu ka ji ba ita ba ce.

Yanzu kan naka. Yaya ba zan turo maka irin tawa ba, ba rowa ba ce, doka ce. A Jamus sashe na 42a na dokar makamai ya hana yawo da wuƙar da ta haɗa abu biyu, ana buɗe ta da hannu ɗaya kuma tana kullewa, sai da ƙwaƙƙwaran dalili kamar sana'a. Mallaka ba laifi, a ajiye a gida, amma sa ta a aljihu ka fita shi ne matsalar, kaga Sebenza da Bugout da yawancin na Spyderco duk sun faɗa ciki. Kuma bayan harin da aka kai a Solingen a 2024 sun ƙara tsaurarawa, wuraren bukukuwa da taruka da jiragen ƙasa na doguwar tafiya an hana shiga da wuƙa. Abin mamaki Solingen ɗin ita ce garin maƙeran wuƙa na ƙasar, can kamfanin Böker yake. In kuma ka ce zaka leƙa Landan wajen abokanka, can ya fi tsanani, dokarsu ta 1988 abin da ta yarda ka ɗauka ba tare da bayani ba shi ne mai naɗewa wadda bata kullewa kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba. Shi ya sa duk zamana a can ƙaramar Victorinox ce a jikin makullaina, har Spyderco sai da suka yi wata musamman don Ingila, UKPK, mara makulli. Nan Amurka ma kowace jiha da nata, abin da nake yawo da shi a Houston ba lallai in shiga da shi wani gari ba.

Don haka in ka sauka ka nemi Victorinox mai ruwa ɗaya ko biyu da almakashi, 'yan Siwizalan ne suna yi tun 1884, ko Opinel lamba 8 ta Faransa mai ƙotar katako da zoben da ake murzawa, da hannu biyu ake buɗe ta kuma kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu a can ba. In Opinel ce ka ɗauki mai ƙarfen da baya tsatsa, kuma kar ka bar ta cikin ruwa katakon yana kumbura ta ƙi buɗuwa. In ka yi wata uku kaga kullum kana zaro ta sai mu yi maganar mai tsada, akwai masu kyau sosai da aka yi don dokar Turai, na Böker da na garin Maniago a Italiya.

Sai abu ɗaya dan Allah, ranar dawowa ka jefa ta cikin babban akwatin da za a auna, kar ta kwana a jakar hannu. Ni na yi wannan gangancin da wata Spyderco da nake ji da ita, na manta tana aljihun jaka, na'ura ta nuna ta, jirgi saura minti talatin, ina ji ina gani na bar ta a wajen. Ka turo min ranar tafiyar da garin da za ku sauka, ka gaida Anti da yaran.