Ra'ayina kan na'urar taimakon numfashi mai takunkumi

Wata shida ke nan muna amfani da wannan na'ura a wani asibiti a Birnin Kebbi, kuma ta sauƙaƙa wa masu ciwon nimoniya numfashi, sai dai batirinta ba ya daɗewa idan aka ɗauke wuta, takunkumin kuma iska na zurarewa ta gefensa a fuskar mai gemu.

Babban aibinta shi ne ba ta nuna cewa majinyaci na ƙara taɓarɓarewa. Shi ya sa bayan awa 1 da sanya wa majinyaci na'urar, mu da kanmu muke lissafa ma'aunin HACOR, wato makin da ake bayarwa bisa bugun zuciya, tsamin jini, hayyaci, oksijin da saurin numfashi. Idan maki ya haura 5, sai mu fara shirin sanya bututun numfashi a maƙogwaro, domin jinkirinsa yana ƙara haɗarin mutuwa.