Amsar Ƙaruna da Amsar Annabi Sulaiman

Mutum biyu Allah ya buɗa wa dukiya, kowa da abin da bakinsa ya furta.

Ƙaruna ɗan jama'ar Annabi Musa ne. Makullan taskokinsa kawai sai ƙartin maza sun taru, suna nishi, kafin su ɗauka. Da mutanensa suka ce ya rage fahariya, ya kyautata kamar yadda Allah ya kyautata masa, sai ya ce ai iliminsa ne ya ba shi (Suratul Ƙasas, aya ta 78). Ya fito cikin ado, masu kwaɗayin duniya suna ta "ina ma mu ne". Ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, masu burin jiya suka wayi gari suna hamdala da ba su ba ne.

Annabi Sulaiman kuwa, mai iska da aljanu a ƙarƙashinsa, da ya ga gadon sarautar sarauniyar Saba a gabansa kafin ƙiftawar ido, cewa ya yi wannan falalar Ubangijinsa ce, don ya jarraba shi ko zai gode ko zai butulce (Suratun Namli, aya ta 40).

A ganina amsar Ƙaruna ta fi yaudara, domin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta: ɗan kasuwa yana wahala, ɗalibi yana kwana karatu. To amma wa ya ba su lafiyar tashi da asuba? Kalaman Sulaiman kam muna rubuta su a goshin mota da saman ƙofar gida, wani lokaci ma mai gidan ba ya amsa sallamar maƙwabcinsa.