Zaɓen makaranta a New York ga yaron da bai gama iya Turanci ba: me makin jarrabawa ke nunawa?

Iyalan Hausawa da ke sauka a New York, daga zangunan Kumasi da Akra, daga Yamai da Maraɗi, ko daga Kano, da yawansu a yankin Bronx na birnin suke yada zango. Shawarar farko da 'yan uwa kan ba su game da karatun yara ita ce su shiga intanet su duba makin makarantu, su guji duk wadda makinta ya yi ƙasa. Da kyakkyawar niyya ake ba da shawarar, amma ga yaron da bai daɗe da zuwa ba tana iya kai shi inda ba za a amfane shi ba. Matsakaicin makin makaranta ya fi nuna irin yaran da ke cikinta, bai cika nuna iya koyarwar malamanta ba.

Ga yadda abin yake. A makarantun gwamnatin Amurka akwai yara sama da miliyan 5 da aka rubuta a matsayin masu koyon Turanci, wato kusan ɗaya cikin goma. A jarrabawar ƙasa da ake kira NAEP, tazarar da ke tsakaninsu da sauran yara a karatun aji 4 ta kan haura maki 30. Wanda ya ga wannan sai ya ce ai 'ya'yan baƙi ne ba sa ja. Sai dai rukunin kullum zubewa yake ta sama: duk yaron da Turancinsa ya nuna, cire sunansa ake yi, sabbin zuwa su maye gurbinsa. Don haka makin rukunin ba zai taɓa tashi sosai ba ko da malamai sun yi aikin a zo a gani. Haka kuma mafi yawan yaran nan a Amurka aka haife su, ba baƙi ba ne. A Ingila ma binciken Steve Strand na Jami'ar Oxford ya nuna cewa abin da ke bambanta sakamako shi ne matakin da yaro ya kai a Turanci, kuma masu wani harshen a gida da suka gama ƙwarewa sukan wuce waɗanda Turanci kaɗai suka sani.

Abu uku ne ke juya sakamakon yaro baƙo: shekarunsa ranar da ya iso, zurfin karatun da ya yi kafin ya zo, da kuma matakin Turancinsa na littafi. Na ukun nan ne ke ruɗa iyaye. Cikin shekara ɗaya ko biyu yaro zai riƙa zuba Turanci da abokansa a filin wasa har ya riƙa yi wa mahaifiyarsa tafinta a asibiti. Turancin da ake rubuta jarrabawa da shi daban ne. Binciken da Kenji Hakuta da abokan aikinsa suka fitar a 2000 ya nuna cewa na baka yana cin shekara 3 zuwa 5 kafin ya kankama, na karatu kuwa 4 zuwa 7. Hatta lissafi bai tsira ba. Yaron da zai raba 48 gida 6 da ka kafin ka rufe baki, idan aka naɗe tambayar cikin layi biyar na labarin motar makaranta da kujerunta, sai ya tsaya yana kallon takarda. Makin da zai fito na Turanci ne, ko da yake sunan lissafi aka rubuta a samansa.

Takardar farko, da kuskuren da ake yi a kanta

Ranar rajista za a miƙa muku takarda mai tambayar harshen da ake yi a gida. Wasu iyaye, musamman 'yan Najeriya da Gana, sukan rubuta Turanci kawai, don kada a liƙa wa yaro sunan mai koyo. Idan yaron ya yi makarantar kuɗi mai kyau a Abuja ko Kumasi, yana karanta littafi da kansa, babu asara sosai. Idan kuwa makarantar da ya baro Turancin na kan allo ne kawai, bayani duk da Hausa, to kun rufe masa ƙofar taimakon da doka ta ba shi kyauta. A rubuta gaskiya. Ambaton Hausa ba ya sa a yanke hukunci nan take: malami zai zauna da ku da yaron, in ya ga da buƙata a yi masa gwajin tantancewa, kuma dokar jihar ta ce a gama komai cikin ranakun makaranta 10. In kun ga an yi kuskure, an sa shi cikin masu koyo alhali ya iya, ko an bar shi alhali bai iya ba, kuna da ranakun makaranta 45 ku nemi a sake dubawa, a rubuce.

Tsoron takardun zama kada ya hana kowa kai yaro. Tun 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin zamansa. Tun 1974 kuma, a shari'ar Lau da Nichols, ta ce zaunar da yaro a ajin da ba ya jin abin da ake faɗa bai wadatar ba, dole makaranta ta ɗauki mataki.

Bayan gwaji za a sa yaro a ɗaya daga matakai biyar, daga wanda bai san komai ba zuwa wanda ya ƙware. Sai a kira ku taro, a nuna muku bidiyo, a ba ku takarda mai zaɓi uku ku jera su yadda kuka fi so. Ku nemi tafinta, haƙƙinku ne, kuma kada ku bari yaron ya zama shi ne tafintan a taron da ake maganar makomarsa.

Tsare-tsaren da ke kan takardar

Na farko shi ne ENL, wato koyon Turanci a matsayin sabon harshe, inda komai da Turanci ake yi, amma malami na musamman yana taimaka wa yaro, wani lokaci a cikin aji tare da malamin darasi, wani lokaci a ɗaki daban. Nan ne mafi yawan 'ya'yan Hausawa za su ƙare, ko an so ko ba a so. Abin lura shi ne mintuna. Daga ajin farko zuwa aji 8, yaron da ke mataki na ɗaya ko na biyu yana da haƙƙin minti 360 a mako, wato awa shida. Na mataki na uku da na huɗu minti 180. A sakandare, sabon shiga yana da minti 540. Inda abin kan lalace shi ne makarantar da ke da malamin ENL guda ɗaya ga yara masu yawa, ko wadda ke fitar da yaro daga ajin lissafi don a koya masa Turanci, ya samu wannan ya rasa wancan. Ku ce a nuna muku jadawalin yaron na mako, ku ƙirga mintunan da kanku, ku ga wane darasi yake bari idan an fita da shi.

Na biyu shi ne tsarin harshe biyu na wucin gadi: ana fara koyar da darussa da harshen gida, ana ƙara Turanci sannu a hankali har a koma gare shi gaba ɗaya. A birnin New York sai an samu yara 15 masu harshe ɗaya a aji biyu da ke jere kafin ya zama wajibi makaranta ta buɗe shi, a sakandare kuma 20 a aji guda. Da Sifaniyanci ko Sinanci wannan abu ne mai sauƙi. Da Hausa da wuya a samu. Kada ku yarda a cusa yaron da ba ya jin Sifaniyanci cikin irin wannan aji don kawai akwai gurbi a can.

Na uku ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga iyalan Nijar da Togo da arewacin Kamaru. Shi ne aji mai harshe biyu na dindindin, inda ake haɗa masu koyon Turanci da waɗanda Turanci ne harshensu, a raba lokacin karatu tsakanin harsunan biyu. Birnin yana da irin waɗannan azuzuwa na Faransanci. Yarinyar da ta yi shekara huɗu a firamare a Yamai, tana karatu da rubutu da Faransanci, za ta shiga ajin a matsayin wadda ta fi wasu sanin rabin abin da ake yi, lissafinta kuma ba zai tsaya jiran Turanci ba. A birnin Portland na jihar Oregon, inda ƙuri'a ake jefawa wajen ɗaukar yara, binciken da aka buga a 2017 ya gano cewa waɗanda suka samu shiga irin wannan aji sun wuce takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata 7 a aji 5, da wata 9 a aji 8. Sai dai ribar a ƙarshe take zuwa. Binciken Ilana Umansky da Sean Reardon na 2014 a Kalifoniya ya nuna cewa yaran tsarin harshe biyu sun fi jinkirin fita daga rukunin masu koyo a firamare, amma zuwa sakandare sun kamo har sun wuce. Wanda zai cire yaro bayan shekara biyu don ya ga makin farko bai yi masa daɗi ba, gara tun farko bai sa shi ba. Haka idan Faransancin yaron na gaisuwa ne kawai, kun ɗora masa baƙin harsuna biyu a lokaci guda.

Wanda ya zo da girmansa

Yaro ɗan shekara shida kusan ko'ina aka sa shi zai kamo, don lokaci yana gabansa. Mai shekara 15 ko 16 shi ne abin damuwa. Yana buƙatar shekara 4 zuwa 7 na Turancin littafi, ga shi shekara huɗu ce sakandaren, ga jarrabawar Regents guda biyar da aka daɗe ana nema kafin a ba da takardar kammalawa, kowace da makin ci 65. Jihar ta bayyana shirin janye wannan sharaɗi, don haka ku tambayi abin da ya shafi shekarar da yaronku zai gama.

Ga irin wannan matashi, makarantun sabbin zuwa sun fi makarantar unguwa. Waɗanda ke ƙarƙashin Internationals Network, wadda makarantarta ta farko ta buɗe a Queens a 1985, suna ɗaukar waɗanda ba su wuce shekara huɗu a ƙasar ba, kuma kowane malami, har na kimiyya da tarihi, malamin harshe ne. Matsakaicin makinsu a intanet ba zai burge ku ba, dalilin kuwa an faɗe shi a sama. Rauninsu shi ne yaro ba ya cuɗanya da masu Turancin haihuwa da yawa, kuma darussan zurfi na shirin jami'a ba su kai na manyan makarantu yawa ba. Matashin da ya yi SS1 a makaranta mai ƙarfi ba ya buƙatar makarantun sabbin zuwa. Wanda allo da Islamiyya ya yi, ko yajin aiki da gudun hijira suka cinye masa shekaru, yana buƙatar su ƙwarai, kuma ku faɗi hakan a fili ranar rajista: akwai rukuni na musamman da ake kira SIFE ga wanda karatunsa ya katse har ya koma baya da shekara biyu ko fiye. Ɓoye wannan don kunya cutar yaron ne. Doka ta ba shi damar zama a makaranta har shekara 21, don haka shekara ta biyar ba faɗuwa ba ce.

Makarantun charter, wato waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, kyauta ne, da ƙuri'a ake shiga, ana rufe karɓar takardu ranar 1 ga Afrilu. Wasu makinsu na sama ne, amma ku tambayi masu koyon Turanci nawa gare su kafin ku yarda makin ya shafi ɗanku. Makarantun Islamiyya masu zaman kansu suna ba da tarbiyya da Alƙur'ani da kwanciyar hankalin iyaye, abin da ba a raina shi, sai dai da kuɗi ne, kuma ba lallai a samu ƙwararren malamin ENL ba. A tambaya kai tsaye.

Yadda za ku karanta sakamakon da ya zo gida

Takarda biyu ce za ta riƙa zuwa. Ɗaya ta jarrabawar jiha ce ta Turanci da lissafi, daga aji 3 zuwa 8, mai mataki 1 zuwa 4. Yaron da bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba ana iya ɗauke masa ta Turanci sau ɗaya, amma zai zauna ta lissafi. Mataki na 1 a shekarar farko ko ta biyu ba abin tashin hankali ba ne, kuma ba dalilin duka ko gori ba ne. Ɗayar ita ce ta auna Turancin kansa, wadda ake yi kowace shekara. New York ta daɗe tana amfani da NYSESLAT, jihohi da yawa kuma WIDA ACCESS. Wannan ce za ku sa wa ido. Tana raba maki huɗu: ji, magana, karatu, rubutu. Ku ajiye ta bara kusa da ta bana. Idan magana ta yi sama amma karatu da rubutu sun tsaya wuri ɗaya shekara biyu a jere, ku je makaranta ku nemi zama da malami. Yaron da ya haura shekara shida cikin rukunin yawanci a rubutu ya maƙale, kuma sau da yawa ba a lura don bakinsa ya iya.

Kafin ranar jarrabawa ku tabbatar an rubuta masa sauƙin da ya cancanta: ƙarin lokaci, ɗaki daban, da ƙamus na kalma da kalma. A darussan da ba na Turanci ba, idan babu fassarar takarda da harshensa, ana iya kawo mai fassara da baki, amma sai an nema tun da wuri. Bayan ya fita daga rukunin ma yana da shekara biyu na tallafi, minti 90 a mako.

A gida kuma kada a daina yi wa yaro Hausa da sunan taimaka masa. Uwar da ke hira mai zurfi da ɗanta da Hausa, tana tambayarsa dalili, tana sa shi ya bayyana abin da ya karanta, ta fi amfanarsa a kan wadda ke yi masa guntun Turanci.

Idan kun je duba makaranta, ku tambayi shugabanta malaman ENL nawa gare shi da yara nawa suke ɗauka, kashi nawa na masu koyo ke hawa mataki a shekara, da kuma yadda waɗanda suka riga suka fita daga rukunin ke yi a jarrabawar jiha. Wanda ya san aikinsa zai buɗe kwamfuta ya nuna muku. In ya amsa da matsakaicin makin makaranta kawai, ku je ku duba ta gaba kafin ku sa hannu.